Prezidan da Takardar Makarantata

Ranar wata Talata ce a ƙarshen watan Satumba na 2003, ina da shekara tara, babana ya nemi izini a wurin aiki ya dawo gida da rana tsaka, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya cire rigar ma'aikatan sito mai ratsin ruwan ɗorawa, ya yi wanka, ya saka farar shaddarsa ta Juma'a, ya fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure, duk don malamar ajinmu ta aiko tana son ganin iyaye. Muka taka da ƙafa zuwa makarantar, shi a gaba ni a baya, don ba ma jerawa. A cikin ajin babu kujerar manya sai ta malama, saboda haka aka ba shi irin tamu, ya zauna gwiwoyinsa na neman haɓarsa, shaddar na jan ƙasa. Ni kuwa na tsaya a gefe, kaina a sunkuye. Malamar, wata Baturiya mai gajeren gashi wadda ba ta fi mako biyar da sanina ba, ta tambaye shi ko ina karatu a gida, ko ina gane abin da ake faɗa a aji. Babana ya yi 'yar dariyar nan tasa, ya kaɗa hannu wajena ba tare da ya dube ni ba, ya ce da guntun Turancinsa, “Wannan? Ba ta san komai ba, Madam. Sai wasa.” Na ji ƙarar alƙalaminta a kan takarda.

Duk Bahaushen da ya ji wannan amsa ya san ba zagi ba ce. Ni ce 'yar fari, babana kuma mutumin Maradi ne na ainihi. A inda ya tashi, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, balle ya buɗe baki ya yabe shi. Sunana Rakiya, amma a bakinsa ni “ke” ce, ko “yarinyar nan”, in kuma ransa ya yi fari sosai sai in samu ƙarin girma in zama “mutuniyar”. Da malamin Maradi aka faɗa wa haka, da murmushi zai yi, ya gane mutumin nan cike yake da alfahari, ɓoyewa kawai yake yi. Ni kaina ban ji ciwo ba a ranar, shaddar da ya saka saboda ni ta ishe ni labari. Amma Madam ba 'yar Maradi ba ce. Ta ji uba ya ba da shaida a kan 'yarsa, ta rubuta yadda ta ji. Ni ma na taimaka mata da nawa, don tun da na shiga ajinta ban taɓa ɗaga hannu ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba, in ta yi mini tambaya sai in amsa wa takalmina da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. Haka aka koya mini a yi wa babba, kuma a zatona ladabi nake zuba mata.

Ina da shekara huɗu muka iso garin Greensboro na Amurka. Shekarun farko a wani bene muka yi su kusa da titin Wendover, inda ƙarar motoci ba ta ɗaukewa, kuma ƙanshin daddawa daga wata ƙofa shi ke gaya maka 'yan gida ne a ciki. A can na yi aji ɗaya zuwa uku, malamai sun saba da shiruna, sun san abin da hannuna ke rubutawa. Da zafin 2003 muka koma wani ɗan tsohon gidan katako a unguwar Glenwood, saboda Inna tana son filin shuka da ɗakin da za ta riƙa yi wa mata kitso. Sabuwar unguwa ta zo da sabuwar makaranta. Turanci kuwa a lokacin ya fi Hausa zama a bakina, har Inna kan yi mini faɗa in ta kira ni da Hausa na amsa mata da shi. Ni nake karanta wa babana duk takardar da ta faɗo akwatin wasiƙa, ta wuta, ta ruwa, ta asibiti. Saboda haka da takardar makaranta ta iso bayan mako biyu, ni na tsaya a gabansa na karanta ta tun daga sama har ƙasa, na fassara masa cewa an gano ban iya Turanci ba, za a mayar da ni ajin masu koyo. Ya saurara yana kurɓar shayi, ya ce ai mutanen lakwal, wato makaranta, sun fi mu sanin aikinsu, malami ba a ja da shi, ya karɓi biro ya sa hannu. Yarinya ba ta yi wa ubanta gardama, kuma ban ma san akwai abin da ake iya cewa ba.

Ajin masu koyon ba a cikin ginin makarantar yake ba. Wasu dogayen ɗakunan kwano ne guda biyu a bayan filin wasa, irin waɗanda ake jawowa da mota a ajiye, da matakalar katako mai ƙara. Kowace safiya bayan kiran suna sai in ɗauki jakata in ratsa filin, 'yan ajinmu na kallona ta taga. A ciki akwai yara 'yan Meziko, da 'yan tsaunukan Biyetnam, da wata 'yar Sudan da ba ta daɗe da sauka ba. Su suna bukatar ajin. Malamarsu mace ce mai kirki wadda aiki ya yi wa yawa, tun makon farko ta gane ba wurina ba ne, ta kai magana ofis, aka ce mata uba ya riga ya sa hannu. Haka na shafe watanni ina shafa wa hoton tuffa jan launi, ina maimaita sunayen ranakun mako, alhali sa'o'ina suna can suna koyon lissafin rabawa. Ɗaya ɗakin na yaran da aka ce ƙwaƙwalwarsu ba ta ja ne, kuma ko ni da nake yarinya na lura kusan dukkansu baƙar fata ne 'yan ƙasa. Na tsani wurin nan. Na tsani warin kafet ɗinsa in an yi ruwa, na tsani ƙarar matakalar, har yau in na hango irin ɗakunan a bayan wata makaranta sai in kawar da kai. Da tafiya ta yi tafiya na fara tunanin ko dai gaskiya ne, ko manya sun ga wani abu a kaina wanda ni ban gani ba.

Gidan da ke jikin namu na wani dattijo ne baƙar fata ɗan ƙasa, Mista Otis, dogo, siriri, mai furfura da tabarau masu kauri. Mutanen unguwa sun ce ya daɗe yana shugabancin wata ƙungiya ta garin mai fafutukar ganin an daidaita baƙar fata da farar fata, daga baya matasa suka ce tafiyarsa ta yi sanyi, suka zaɓi wani. Tun da babana ya ji haka ya laƙaba masa Prezidan, sunan kuma ya zauna a gidanmu. Kujera ta tafi, amma shi bai bar aikin ba. Kullum da sassafe in na fito zubar da shara zan same shi a barandarsa da tsohuwar tafireta, yana buga wasiƙu da yatsu biyu, kofinsa na hucewa a gefe. Ƙarfe takwas ya saka kwat da malafa, ko ana zafi ko ana sanyi, ya rataya wata koɗaɗɗiyar jakar fata, ya tsaya jiran bas. Daga baya na san inda yake zuwa. Wata rana kotu ce, ya zauna a bencin baya don ɗan wata maƙwabciya ya waiwayo ya ga fuskar da ya sani. Wata rana ofishin masu ba da hayar gida, inda aka ce wa wata mata babu ɗaki, aka ba Bature bayan fitarta. Wata rana kuma taron hukumar makarantu, inda ake yanka wa kowa 'yan mintoci, ya yi nasa ya zauna, wata mai zuwa ya dawo da maganar da ya yi. Ba ya ɗaga murya. Duk inda ya shiga sai ya tambayi mutum cikakken sunansa, ya rubuta a ɗan littafinsa, sannan ya nemi a ba shi amsa a rubuce. Da la'asar ya dawo, ya rataye kwat, ya shiga lambunsa.

Babana yana gaishe shi da girmamawa, har da ɗan rusunawa, amma iyakarta ke nan. Ya ja mana kunne cewa mu zuwa muka yi, takardunmu ba su gama nuna ba, kuma tun harin da aka kai wa ƙasar shekara biyu baya ake kallon duk mai sallah da wutsiyar ido. Rigimar baƙar fata da Turawan Amurka, in ji shi, ta girmi kakanninmu, mun zo mun tarar da ita, haka za mu tafi mu bar ta. Yakan ce, “Faɗan da ba ruwanka, daɗin kallo gare shi.” A ganinsa mu daban ne da su, mun san garinmu, mun san asalinmu, neman abinci kawai ya kawo mu. Ina faɗin wannan da nauyin baki, don ina son babana, kuma ba shi kaɗai ke da wannan tunani a cikin mutanenmu ba. Amma kuskure ne.

Inna ce ta fara karya dokar, kuma kuɓewa ce sila. Wata rana ta leƙa ta saman shingen waya ta ga layinta a lambun Prezidan, ta tsaya tana salati, don ba ta taɓa zaton akwai wanda ya san darajar kuɓewa a Amurka ba. Daga nan iri ya fara tsallaka shinge. Ta ba shi yakuwa, ya ba ta wani ganye mai faɗi da suke dafawa da nama, ya koya mata lokacin da sanyi ke kashe shuka a wannan ƙasa. Aikina ne ban ruwa da tsince tsutsa daga tumatir, kuma a nan na san jikarsa Tasha, sa'ata, wadda ke zama a wurinsa bayan makaranta kafin uwarta ta taso daga aiki. Ta koya mini tsallen igiya biyu, na koya mata carafke da duwatsun bakin titi. Ta ce wasan ƙauye ne, amma ba ta yarda mu tashi sai ta ci. In ina tare da ita bakina ba ya rufuwa. Wata yamma a watan Maris muna kan matakalar barandarsu, ina nuna mata inda ta ɓata lissafinta, muna musu da Turanci kamar za mu cinye juna, sai takardar aikin gidana ta zamo daga jaka. Prezidan ya sunkuya ya ɗauka. Hoton kare ne da kyanwa da saniya, an ce in haɗa kowanne da sunansa. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya tambaya ko ta ƙanena ce. Nan take kaina ya koma ƙasa. Tasha ce ta ba shi labarin ɗakin kwano.

Prezidan ya miƙo mini takardata. Washegari ya je makarantar da kwat ɗinsa, aka ce masa ba a buɗe fayil ɗin yaro sai da izinin iyaye. Ya zo wa babana da maganar, babana ya yi masa godiya mai yawa, ya ce a bar wa Allah, yarinya ce, in ta yi haƙuri za ta fito. Prezidan ya ce to, ya tafi. Bayan kwana uku ya dawo da maganar, bayan mako ɗaya ya sake dawowa. An ce sannu ba ta hana zuwa, ban kuwa taɓa ganin wanda ya riƙe wannan magana kamar tsohon nan ba. Ana cikin haka wata takardar ta iso a watan Afrilu, na sake tsayawa na karanta: tunda na yi shekarar a ajin masu koyo, ban samu abin da ake bukata ba, za a sa in maimaita aji huɗu. Su Tasha za su wuce su bar ni ke nan. Wannan karon ban kai ƙarshenta ba, kuka ya ci ƙarfina a gaban babana. Kafin ya nemi biro Inna ta zare takardar daga hannuna, ta soke ta a ƙugun zaninta, ta ce miyarta na ƙonewa.

Ranar Asabar da hantsi ina ban ruwa, mazan biyu suka tsaya a bakin shinge, kowa a ɓangarensa. Prezidan ya tambayi babana me ya sa nake sunkuyar da kai duk lokacin da babba ya yi mini magana. Babana ya gyara tsayuwa, don an taɓo inda yake taƙama, ya ce tarbiyya ce, a wurinmu yaron da ke tsura wa babba ido fitsararre ne. Tsohon ya daɗe yana murza ganye a yatsunsa. Sannan ya ce shi ma uwarsa ta koya masa sunkuyar da kai, a nan garin, zamanin da akwai kantunan da za su sayar masa da kaya amma ba za su bar shi ya zauna ya ci abinci ba. Ta koya masa ya kauce in Bature na tahowa, kada ya kuskura ya dubi fuskarsa, don tana son ya dawo mata gida da rai. Ya ce ya girma ya yi gemu kafin ya koyi ɗaga kan nan.

“Naku na girmamawa ne, na yarda,” in ji shi. “Amma a ofishin can ba su san bambanci ba. Yarinya baƙa suka gani da kai a ƙasa, kuma tun kafin a haife ka suke da inda suke ajiye irinta. Ba wanda ya tambaye ta daga wace ƙasa fatarta ta zo.”

Babana ya tsaya har ruwan da nake zubawa ya malalo ya jiƙa masa takalmi, sannan ya ce a kawo takardar izinin.

Bayan kwana goma Prezidan ya shigo falonmu da fayil ɗin, karo na farko da ya taka gidanmu. Inna ta kawo masa kunun gyaɗa, ya sha ya yaba, sannan ya baje takardun a kan cinyarsa. Babu sakamakon wata jarrabawa a ciki. Takardun tsohuwar makarantata suna can ƙasa, ba alamar an taɓa duba su. Abin da aka dogara da shi layi biyu ne da rubutun Madam: ɗaliba ba ta amsa tambaya, kuma mahaifinta ya tabbatar ba ta san komai ba. Ya karanta layi na biyun sau biyu, a hankali. Na ga fuskar babana ta canza kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya fara bayani da Turanci, ya ƙare masa, ya koma Faransanci, ya ƙarasa da Hausa yana kallon Inna, wai ai kowa ya san ba haka ake nufi ba, wane uba ne zai zauna yana yabon 'yarsa ta fari a gaban mutane kamar marar kunya. Inna ta ce masa, “Malam, magana zarar bunu ce. Nan ba Maradi ba ne, su komai ka faɗa fayil yake shiga.” Ita ta yi wa Prezidan bayanin al'adar da Turancinta na masu kitso, kuma da ya fahimta bai yi dariya ba. Babana ya roƙe shi ya je ya gyara maganar, tunda shi ya san bakinsu. Ya girgiza kai. Ya ce zai nemi a zauna, zai raka mu, zai tambayi dalilin da ya sa ba a yi mini jarrabawa ba, amma shi ba ya magana a madadin mutumin da ke da baki. Wanda ya faɗi wancan layin shi kaɗai zai iya janye shi.

Kwanakin da suka biyo baya babana bai cika cin abinci ba. Sau biyu na gan shi ya dawo daga aiki ya zauna a cikin mota a ƙofar gida, injin a kashe, bakinsa na motsi. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don ban san wanne zai zaɓa ba tsakanin kunyarsa da shekarata.

An yi zaman a ofishin shugabar makaranta, a kan wani teburi mai zagaye. Ga shugabar, ga Madam, ga malamar ɗakin kwano, ga mu uku, ni da babana da Prezidan. Prezidan ya tambayi kowa sunansa ya rubuta, sannan ya nemi a nuna masa jarrabawar da aka yi kafin a cire ni daga aji. Shugabar ta yi ta juya takardu, daga ƙarshe ta ce a irin wannan hali sukan dogara da abin da malama ta gani da abin da iyaye suka faɗa, kuma mahaifin yarinya da bakinsa ya ce ba ta san komai ba. Prezidan ya rufe littafinsa, ya ɗora hannu a kai, ya yi shiru. Daga inda kaina yake ina iya ganin hannun babana a kan gwiwarsa.

“Abin da na faɗa ba gaskiya ba ne,” in ji babana. “A ƙasarmu haka uba yake faɗa.” “'Yata Rakiya tana da ƙoƙari. Ta fi ni karatu. Takardar da kuka aiko cewa ba ta iya Turanci ba, ita ta karanta mini.”

Ban taɓa jin sunana a muryarsa ba sai ranar. Ya faɗe shi yadda ake faɗarsa a gida, ba yadda ake murɗa shi a makaranta ba. Na ɗaga kai don in tabbatar shi ne, sai na ga ya kafa wa shugabar ido, gumi na bin gefen fuskarsa. Da kaina ya tashi kuma, bai koma ƙasa ba. Malamar ɗakin kwano ta turo mini wani littafi, na buɗe tsakiya na karanta shafi guda da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ba. Madam ta yi ja har kunne. Ba ta ba da haƙuri ba, cewa ta yi da ta sani, kuma ni har yau ban gama huce mata ba, don sani ba ya zuwa wa wanda bai tambaya ba. Prezidan ya buɗe littafinsa ya nemi a rubuta masa ranar da za a yi jarrabawar. Da muka fito babana ya shige gaba kamar yadda ya saba, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, “Ke, ɗaga ƙafa, burek ɗina na wurin aiki ya ƙare.”

An yi jarrabawar, na ci, aka mayar da ni aji saura 'yan makonni a tashi. Hutun shekarar a makaranta na yi shi ina cike lissafin da ya wuce ni, amma na shiga aji biyar tare da sa'o'ina. Prezidan bai tsaya a kaina ba. Ya bi gidajen yaran ɗaya ɗakin kwanon ɗaya bayan ɗaya yana neman izinin buɗe fayil, wasu iyayen suka yarda, wasu suka rufe masa ƙofa, wasu yaran suka fito, da yawa ba su fito ba. Babana ya daina kawo karin maganarsa ta daɗin kallo. In ana ruwa da safe sai ya tsaya ya ɗauki tsohon kada ya jiƙe a jiran bas, kuma na ji an ce bayan sallar Juma'a yakan ja sababbin zuwa gefe ya gaya musu cewa in malama ta tambaye su ɗansu, su ajiye kunya a ƙofa su faɗi gaskiya. Ina sakandare Prezidan ya rasu. Babana, wanda bai taɓa taka coci ba, ya je ya tsaya a baya har aka gama. Ni kuwa ban taɓa buɗe baki na yi wa tsohon nan godiya ba, kuma wannan yana ci mini rai.

Yanzu ɗalibai ke haya a gidajen biyu, an zuba tsakuwa a inda lambunan suke don ajiye motoci. Babana ya koma Maradi da ƙarfinsa ya ƙare, can Allah ya karɓi abinsa. Ni ma ina da ɗan fari, kuma sunansa ba ya hutawa a bakina, daga tashi barci har kwanciya. In na je taron iyaye ina yabonsa har malama ta fara duba agogo, ba na kuma jin kunyar kowa. Ban yi nadamar hakan ba. Amma wani lokaci ina tsaka da ƙwala masa kira sai in tuna mutumin da ya ɓoye sunana shekara tara saboda tsananin so, da maƙwabcin da ya ga nauyin abin da yake nema a wurinsa, ya zauna kusa da shi, ya ƙi ɗaukar masa. Sau ɗaya babana ya kira sunana a duniya, kuma har yau ina amsawa.